Ƙafar Shatu da Ke Roni

Shekara tara ke nan da aka yanke wa Shatu ƙafar hagu. Kububuwa ce ta sare ta a wani kwazazzabo wajen Roni, lokacin suna can da shanu, kafin a fito da ita daga daji a kai ta asibiti ƙafar ta riga ta lalace. Mijinta Daudu ya karɓi abin da aka yanke a naɗe cikin zane, ya koma da shi gindin duwatsun da suke zaune, ya haƙa rami ƙarƙashin wata ƙirya ya binne. Daga nan suka bar yawo, suka zo suka kafa ruga a bayan Kanya Babba. Gona ɗaya ce tsakanin bukkarta da ɗakina.

Ni ce Ya Kura. Kakannina daga Borno suka zo, saboda haka ni da Shatu abokan wasa ne tun kafin mu san juna. Ina kiranta baiwata, tana kirana bakin kasuwa, kuma ba ta yi ƙarya ba. In aka yi abu a Kanya da hantsi, kafin azahar na kai shi gida bakwai, na ƙara masa gishiri a hanya. Amma rugar Shatu ita ce wurin hutuna. Nakan je in same ta a inuwar bukka, sandunanta biyu a jingine, ƙafar robar da aka yi mata tana rataye a jikin zana, kaji sun saba da ita. Sau uku ta taɓa sa ta. Ta ce ba ta so, ba ta ƙara cewa komai ba.

Ciwo kuwa yana cinta, kowa ya sani, amma babu mai jin haka daga bakinta. Sai dai ka ga tana cikin burga nono ta tsaya cak, ta runtse ido, gumi ya tsattsafo mata a hanci. In ka tambaya ta ce lafiya ƙalau. Fulako ne, mutanen ruga sun ɗauki cewa wayyo tamkar fita kasuwa ba zane.

Wata ranar damina da la'asar ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Garin ya yi luf, gero ya kai ƙugu, hadari yana can kudu yana tafiya a hankali kamar tsohuwar saniya. Ta dube shi ta ce mini ana ruwa a Roni. Na ce ko wani ya buga mata waya. Ta ce a'a, ƙafarta ce ta jiƙe.

Na kalli ta dama, a bushe take. Ta ce ba wannan ba.

Ta ce waccan ɗin tana nan da ranta a inda aka binne ta. Tana jin sanyin ƙasa in an yi ruwa, tana jin ɗumi in rana ta daki dutse. Akwai wata shekara da saiwar ƙirya ta bi ta tsakanin yatsunta, wata uku tana jin tafiyarta. In shanun wasu suka ratsa ta wurin, tana iya ƙirga su. Wannan duk ba ya damunta, har ma wani lokacin yakan ɗebe mata kewar daji. Abin da yake hana ta sakat shi ne Daudu ya binne ƙafar da yatsun a dunƙule, ga kuma wata tsakuwa mai tsini da ta tsaya daidai diddige. Shekara tara tana so ta buɗe yatsun nan ta kasa.

Ta sa na rantse ba zan gaya wa Daudu ba, don kada ya ji kamar laifinsa ne. Ta kuma sa na rantse ba zan gaya wa ta Kazaure ba.

Ta Kazaure ita ce Bahijja, 'yarta ta fari. Tana yaye ta goggonta ta ɗauke ta zuwa Kazaure, kamar yadda suke yi da ɗan fari, a can ta yi boko har ta tafi Kano ta zama likitar gashin ƙashi, irin masu miƙar da jijiya da koya wa gurgu tafiya. Shatu ba ta faɗin sunanta, ba ta kallonta, ba ta yi mata magana ido da ido. In yarinyar ta zo gaishe ta, sai ta juya fuska wajen zana ta amsa wa iska. Ita ma Bahijja Adda take ce mata, kamar yayarta ce ba uwa ba.

A daminar nan Bahijja ta ɗauki hutun mako uku, ta sauka a rugar da jaka cike da bandeji da wasu robobi masu talewa. Ta ce ta yi wa mutanen Gwiwa da na Roni aiki sun ji sauƙi, ba za ta bar na gida ba. Daudu ya ce to, ta yi nata. Amma ya gaji da ganin matarsa tana cije baki. In hutun ya ƙare ba a ga canji ba, akwai wani wanzami a tsallaken iyaka da yake yin lalas, zai kawo shi ya ɗora ƙarfe mai zafi a kan dungun, ciwon ya fita da hayaƙi. Bahijja ta ce fatar wurin ba za ta ɗauka ba, in ta ƙi warkewa sai an ƙara yankewa sama. Ya ce ya ji, ya kaɗa shanunsa ya tafi.

To ga inda gizo yake saƙa a aikin nata: wai sai mai ciwo ya faɗa da bakinsa inda yake masa zafi, da irin zafin, ko suka ne ko zugi ko ƙuna. Har ma tana cewa a ba shi lamba daga ɗaya zuwa goma. Ranar farko ta durƙusa gefen tabarma ta ce, "Adda, ina ne yake miki ciwo?"

Shatu ta dubi kajinta, ta ce da ni, "Ke bakin kasuwa, ce mata lafiya ƙalau nake."

Nan na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa ɗaya. Na ga in na faɗi haka yarinyar za ta yi kuka, in na faɗi gaskiya kuma na karya rantsuwa. Sai na ce, "Ta ce ƙugunta ne. Bakwai."

Kwana goma muka yi a kan ƙugun nan. Kullum da hantsi Bahijja takan ɗumama ruwa ta tsoma tawul ta gasa mata baya. Ta kwantar da ita rub-da-ciki, ta ɗaga dungun a hankali ta sauke. Ta ɗaura mata robar nan ta ce ta ja, ta saki, ta ja. Ni ina zaune ina ƙirga musu, ina kuma ƙaga lamba: yau shida, gobe biyar da rabi. Wata rana don in ga yadda Shatu za ta yi na ce ta ce ƙeyarta ma tana yi. Ta harare ni, amma ba halin ta ƙaryata, sai da aka murza mata ƙeya son rai.

Ƙugun ya saki, gaskiya ne, don dama ya ƙage da zama. Amma runtse idon nan bai ragu ba. Ina lura da Bahijja, takan tsaya da tawul a hannu tana kallon bayan kan uwarta, kamar mai jiran a buɗe mata ƙofa. Wata rana ta raka ni har bakin gona ta ce, "Ya Kura, da gaske ƙugun ne?" Na ce abin da aka ce in faɗa nake faɗa. Ta ce ita tana ganin lambobina suna sauka amma fuskar ba ta sauka. Na ce mata gero ya yi kyau bana.

Na koma gida na zauna na yi tunani. Mutum biyu aka hana ni gaya wa. Ba a ce komai a kan Ikilima mai ƙosai ba.

Da safe na je na sayi ƙosai, na gaya mata a kunne, na ce kada ta gaya wa kowa. Na san Ikilima. Kafin kwana biyu maganar ta shiga motar Babura ta dawo. Sai dai ta dawo da kayan da ban ba ta ba. Wasu suka ce ƙafar Shatu tana fitowa daga rami tana bin shanu a Roni. Wasu suka ce an ga sawunta guda ɗaya a bakin rafi, babu na biyu. Wata ma a gidan suna ta rantse mini cewa ƙafar ta yi rassa.

Bahijja ta ji a wajen mai acaɓa, ta zo ɗakina kai tsaye ko mayafinta ba ta gyara ba. Na ce ni ban gaya mata komai ba, ta ce ta sani. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna bakin gadona ta ce abin nan sananne ne a wajensu, ba iska ba ne, ba hauka ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ba ta yarda an yanke ba, tana nan tana aika saƙo inda babu mai amsawa. Ta ce da ta sani tun ranar farko da ba a ɓata kwana goma ba. Na sunkuyar da kai, na ce ai ƙugun ma ya amfana.

Daudu ma ya ji, a kasuwar dabbobi, a gaban mutane. Aka tambaye shi wai da gaske ne bai iya binne ƙafa ba. Yana dawowa sai ya aika wa wanzamin cewa kada ya jira ƙarshen hutu, ya zo jibi.

Shatu kuwa ta aiko mini da ƙwaryata da ke wurinta, wankakkiya, babu ko ɗigon nono a ciki. Na gane.

A zuwan nan da Bahijja ta yi ɗakina, tana cikin maganar ƙwaƙwalwa idonta ya sauka a kan madubin durowata, dogo ne, tun na aurena, gefensa ya fara cin tsatsa. Ta ce in ara mata. Na ce me za ta yi da shi a ruga, kwalliya za ta yi wa shanu? Ta ce in dai zo in gani.

Washegari da hantsi muka cire shi daga jikin durowar, muka shimfiɗa buhu a amalanken shanu muka kwantar da shi yana kallon sama. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Muna tafe cikin gero, sama tana kwance a gabanmu cikin amalanke. Gajimare yana shiga ta kai ya fita ta ƙafa. Balbelu suka ratsa ta ciki a juye. Wani lokaci zangarniya ta leƙo ta kalli kanta ta koma. Na zauna a gefe na riƙe shi da hannu biyu, ina ji kamar in na saki za mu zube sama ni da bijiman duka. Gona ɗaya ce, amma na ji kamar mun yi tafiyar yini.

Da muka isa Shatu ta ce a gaya wa Babarbariyar nan kada ta taka mata tabarma. Ba ta da wanda za ta ce ya gaya mini, don haka kaza ta gaya wa. Na ce wa kazar na ji. Na koma bayan zana na sami wata kafa daidai idona na zauna.

Yanzu babu tafinta. Daga uwa sai 'ya.

Bahijja ta zaunar da ita ta miƙe ƙafa, ta tsayar da madubin a tsakanin cinyoyinta, fuskarsa na kallon ƙafar dama, dungun kuma ya ɓuya a bayansa. Ita ta koma bayan uwar ta durƙusa ta tallafe kan madubin da hannu ɗaya. Ta ce, "Adda, duba ciki."

Shatu ta daɗe tana kallon zana. Sai da wani ɗan maraƙi ya yi kuka ta juyo, idonta ya faɗa a madubin ba da niyya ba.

Ƙafa biyu ne a kan tabarma. Ni ma daga inda nake haka na gani. Duka biyun da kaushi a diddige, duka biyun da ragowar lalle a farce. Shatu ta kai hannu za ta taɓa ta hagun, yatsunta suka daki gilashi. Ta janye hannun ta sa a cinya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai zuba mata ido kamar wadda ta ga 'yar'uwarta ta dawo daga tafiya mai nisa tana tunanin ta ina za ta fara gaisuwa.

Bahijja ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ta dunƙule yatsun dama kamar yadda take jin na hagun, ta riƙa kallon ta cikin madubi kawai. Shatu ta dunƙule. Ta ciki ma ta dunƙule. Ta ce to ta buɗe a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ta fara da babban. Babban yatsa ya ɗaga. Na kusa da shi ya biyo. Na ga ƙirjin Shatu ya tsaya, sannan ya sauka da wani dogon numfashi da har kajin suka ɗago kai.

Suka yi haka wajen sau goma. Iska tana kaɗa gero, inuwar bukka tana matsowa. Sai Bahijja ta ce ba za ta iya ci gaba ba sai ta san abin da ake ji, don in yana ƙaruwa ne dole a tsaya. Ta yi tambayar nan tata ta kullum. Shatu ta waiga wajen da nakan zauna, babu kowa. Ta waiga wajen kazar, kazar ta tafi kiwo.

A saman madubin, can sama da ƙafafun biyu, fuskar Bahijja tana ciki, don ta sunkuyo tana duba. Na ga idon Shatu ya hau a hankali daga diddige zuwa ƙauri zuwa can. Ya tsaya. Shekara talatin da wani abu ba ta kalli fuskar nan ba sai a sace.

Ta ce, "Ke ta cikin madubi."

Bahijja ta ce, "Na'am, Adda."

"Yatsu uku sun buɗe. Biyun ƙarshe sun ƙi. Tsakuwar tana nan, amma ta kwanta, ba ta tsaye."

"Nawa ne yanzu, daga ɗaya zuwa goma?"

Shatu ta yi lissafi da gaske, kamar mai ƙirga shanu da yamma. Ta ce da safe tara ne. Tun da aka yanke bai taɓa sauka ƙasa da takwas ba, ba ta san inda wata maƙaryaciya ta samo biyar da rabi ba. Yanzu shida.

Madubin ya girgiza a hannun Bahijja, ƙafafun biyu suka yi lilo kamar a ruwa. Shatu ta ce wa ta cikin madubin ta riƙe da kyau mana, ita ba ta son a yi mata wasa da ƙafa. Sannan ta ƙara dubawa ta ce ashe wushiryar kakarta ta ɗauko. Bahijja ta ce haka ake cewa. Suka koma kan yatsu.

Yarinyar ta gaya mata gaskiya, ta ce ciwon zai dawo, wataƙila ma kafin la'asar. Sai an riƙa yi kullum, safe da yamma, mako da makonni, wani ya dace sosai wani kaɗan. Amma in wuta ta taɓa dungun, an gama. Shatu ta jingina da bukka tana motsa yatsunta goma, idonta yana lumshewa, har barci ya ɗauke ta da rana tsaka, bakinta a ɗan buɗe. Bahijja ba ta motsa ba, tana riƙe da madubin don kada uwar ta farka ta tarar babu. Da na ga hannunta ya gaji na lallaɓo na karɓe ta. Ta ce in Adda ta farka ta gan ni fa? Na ce in ta farka ta gaya wa kaza.

Wanzamin ya zo washegari da hantsi a kan babur, da zabirarsa da ƙarafansa. Daudu ya sauke shi a inuwa, ya hura masa gawayi da kansa. Na zo na tsaya wajen kafar nan da nake leƙe ta bayan zana. Shatu tana zaune da madubinta, an yi zagaye na safe an gama.

Daudu ya tsaya daga nesa ya ce mai aiki ya iso. Ta ce ya matso. Ya matso, ya leƙa, ya ga ƙafa biyu, ya ja da baya har hularsa ta faɗi. Ta ce masa ba laifinsa ba ne, ya binne ta da kyau, ita ce dai ta ƙi kwanciya. Ta ce a dama wa baƙo fura, a sa masa man shanu a ƙoƙo ya tafi da shi, a ba shi haƙuri.

Daudu ya ce, "Wa ya ce a fasa?"

Shatu ba ta ce ta Kazaure ba, ba ta kuma faɗi suna ba. Ta nuna bayanta da babban yatsa, inda Bahijja take durƙushe, ta ce, "Wannan ce ta ce kada wuta ta taɓa ni. Na kuwa gaya mata inda yake."

Daudu ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa, ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya koma wajen gawayin ya tsaya a kansa na ɗan lokaci, sannan ya ɗora butar shayi.